Rakiyar Malam Tanimu Zuwa Bakin Rafi

Tun da na dawo daga tafiyar nan ta kudancin Kano, 'yan majalisarmu ba su bar ni na sha shayi da daɗin rai ba. Wannan ya ce yaya hanyar Falgore take yanzu, wancan ya ce wai da gaske ne na bar takalmina a laka, wani kuma kai tsaye yake tambaya ko an ɗauke ni aikin. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru. Na yi shekara goma sha huɗu ina da shagon buga takardu da kwamfuta a cikin birni, har wayar hannu ta cinye kasuwar na rufe. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, shekaruna kuma sun haura arba'in da biyar. Ina cikin wannan zaman na samu shiga wani horo na wata shida da wata ƙungiyar tallafa wa manoma ta shirya, na koyon yadda ake tsara sabon aiki tun kafin a fara shi. Mu biyar aka ɗauka, aka kuma gaya mana tun ranar farko cewa mutum biyu kaɗai za a riƙe a ƙarshe. Sauran huɗun duk na ba su kusan shekara ashirin. Baba suke ce mini, ina amsawa ba don ina so ba.

Mai koyar da mu, Injiniya Rabi, mace ce mai ƙaramin jiki da ƙarancin dariya. Abin da ta fara dasa mana shi ne, kafin a sayi ko ƙusa ɗaya sai an rubuta takardar buƙatu, wato jerin abubuwan da dole aikin ya biya wa mutanen da za a yi dominsu. Kowace buƙata jimla ɗaya ce, da lambarta, da sunan wanda ya faɗe ta, da yadda za a gwada a ga an cika ta. Ta hana mu haɗa buƙata da mafita. Takan ce in mutum ya ce gada yake so, ka fara tambayarsa me yake zuwa yi a ƙetare. Takan kuma ce inji shi kaɗai ba tsari ba ne. Tsari ya haɗa da direba, da hanya, da ruwan sama, da mutumin da bai buɗe baki a taro ba. Duk na rubuta a littafina da jan biro, na haddace kamar karatun allo.

Jarrabawarmu ta ƙarshe aikin gaske ce. Ƙungiyar za ta kai injinan casar masara ƙauyuka kafin kaka, tare da manhajar waya da za ta riƙa raba wa manoma ranar da inji zai zo musu. Kowannenmu aka ba shi yanki, ni aka ba ni Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, wuri ɗaya a kowace. In je in zauna da mutane, in tattaro buƙatunsu, in karanta musu, su sa hannu, in kawo takardar ranar Alhamis ta sama, ranar da kwamiti zai zauna ya zaɓi biyun da za a riƙe. Buƙata ta ɗaya kuwa daga ofis ta zo a rubuce, shugaban kwamitin ne da kansa ya tsara ta: wanda ya riga kira, shi zai riga samun inji.

Ranar Juma'a da safe na hau mota a tasha, tsakiyar damina, sama a haɗe. Ni da wani mai ƙiba aka cusa a kujerar gaba, rabin jikina a kan giya, duk lokacin da direba zai canza sai ya ce in ɗaga. Haka muka bi titin Zariya har inda na sauka na hau acaɓa zuwa garin Ƙofa da ke yankin Bebeji.

A zauren Alhaji Ɗanlami, shugaban manoman wurin, aka yi taron bayan an sauko daga masallaci. An shimfiɗa tabarmi, mutum kusan talatin, kowa da fararen kayansa. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin sa'a, ni kuwa ina ta satar kallon agogo. Da na bayyana abin da ya kawo ni, buƙatu suka fara zubowa: inji ya zama mai tayoyi da zai shiga gona, kada ya farfasa ƙwaya, a koya wa ɗan gari gyaransa. Na rubuta, na sa lamba, na sa suna. Da na karanta buƙata ta ɗaya, mutane suka dubi juna, sai Alhaji ya ce ai wannan adalci ne, kowa ya ce haka ne. Aka sa hannu, masu dangwale suka dangwala. Aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji, na ci har na ji kunya.

Da na miƙe, wani tsoho mai jan rawani da bai ce komai ba tun da aka fara ya riga ni ɗaukar jakata, wai zai taka mini. A birni rakiyarmu daga falo zuwa ƙofar gida ce, wani ma daga kujera yake ɗaga maka hannu. Na ga tsufansa, na ga ɗan acaɓana yana jira a ƙofar zaure da inji a kunne, sai na karɓe jakar da ladabi na ce ya huta, Allah ya saka. Ya ce ko zuwa bakin titi ne. Na ce wallahi ya yi zamansa. Na hau babur ina jin na kyauta wa dattijo.

A garin Bebeji na kwana, a ɗakin baƙin wani tsohon abokin karatuna. Da gari ya waye na tarar rufin ya yi yoyo daidai kan takalmana, na zuba su a rana, ranar kuma ta ƙi fitowa. Matarsa ta ba ni tsarabar ƙwan zabi a leda, na ce ba ni da inda zan sa, ta ce ai jaka gare ni. Na sa a jakar, tare da fom-fom ɗin da ban cike ba.

Hanyar Badafi ta Kiru ba ta da laifi sai inda ta bar kwalta. Daga nan laka ce ja mai riƙe taya. Sau biyu muna sauka muna tura babur, a na biyun ne takalmina na dama ya nutse, na zaro ƙafa shi ya zauna. Na sa hannu har gwiwar hannu na lalubo shi, saboda haka masu cewa na dawo da wari ɗaya su ji da kyau, duka biyun na dawo da su. Abin da ban dawo da shi ba ƙwan zabi ne. Da na buɗe jaka a Badafi, rabinsu sun fashe a kan fom. Na shanya takardun a kan dangar makaranta, ƙuda suka yi musu taro tun kafin mutane su yi mini.

A ajin makarantar aka zauna, manya a kan bencin yara, gwiwoyinsu kusa da haɓa. Nan ma buƙatu sun fito masu kyau. Wata dattijuwa da ke shugabantar mata masu shiƙa ta aiko a ce a bar musu totuwa da ƙaiƙayi kada inji ya watsar, na ji daɗin wannan ƙwarai don na san Injiniya za ta so ta. Buƙata ta ɗaya kuma, da na karanta, wani ya yi gyaran murya, wani ya dubi taga, mai unguwa ya ce Allah ya sa albarka. Na rubuta cewa an amince.

Bayan tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, mutum biyu suka fito tare da ni, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna tafiya a hankali kamar masu zuwa ta'aziyya. Ɗayan har ya fara cewa, "Malam, wannan injin, da ma akwai wata 'yar magana." Sai hadari ya yi ƙara daga gabas, ɗan acaɓa ya danna oda ya ce in ruwa ya sauko shi ba zai bi lakar nan ba. Na yage gefen takarda na rubuta musu lambata, na ce su kira ni. Tasu lambar ban karɓa ba. Har yau ba su kira ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ruwan ya same mu duk da haka. Na isa Kwanar Ɗangora a jiƙe, na tsaya gaban mai gasa masara ina juya jikina kamar ni ake gasawa. Daga nan na samu motar Tudun Wada, wadda ta tsaya a kowane ƙauye ana sauke taki ana ɗora awaki. Masaukin da na samu a can ɗaki ne mai fanka ba wuta, da katifa mai rami a tsakiya. Na tashi da ciwon baya da ɓacin ciki, don na sha fura da nono a tasha a kan masarar da na ci, cikina kuma na birni ne, ba ya son a haɗa masa baƙi biyu.

Taron Tudun Wada shi ya fi kowanne tsari, shi ya kuma fi gajiyar da ni. Wani babban manomi, Alhaji Sabo, ya shirya shi a ƙauyensu da kujerun roba da lasifika, har da mai gabatarwa. Aka kira ni wakilin ƙungiya, aka tafa mini. Mutum uku suka yi jawabi, duk godiya ce, sai da na yi ta roƙo kafin na samu buƙatu shida. Ina karanta ta ɗaya Alhaji ya karɓi lasifikar ya ce shi ma da shi aka tambaya haka zai tsara. Da aka tashi na hangi wani siririn mutum a baya ya miƙe yana gyara hula yana nufo ni, sai Alhaji ya riƙe hannuna ya ce motarsa za ta kai ni har tasha, shi ma zai shiga. Mutumin ya tsaya, ya koma ya zauna. Na shiga mota mai sanyi ina hamdala, don ƙafafuna sun kumbura.

A wannan lokacin ina da takardu uku masu sa hannu, babu wanda ya ja da ko layi ɗaya. Na kira matata Binta na ce ta fara addu'ar godiya, aikin nan ya kusa zama nawa. Ta ce ita dai in dawo lafiya, kuma mai gidan haya ya aiko a gaishe ni.

Ranar Litinin muka ratsa dajin Falgore. Tun kafin a shiga, motar ta yi tsit, wata tsohuwa ta fara jan carbi, direba ya kashe rediyo. A wani shinge jami'i ya leƙo ya tambayi abin da ke jakata. Na ce takardun buƙatu ne. Ya ce buƙatun wa? Na ce na manoma. Ya ce in na gama da su in dawo in rubuta nasa, yana da su da yawa. Motar ta yi dariya, aka ɗaga mana sanda muka wuce. Bayan dajin ƙasa ta canza, duwatsu suka taso, masara ta fi tamu tsawo, iska ma da sanyinta.

Ƙauyen da aka tura ni a Doguwa yana bayan wani rafi, rafin kuma ya kawo. Ɗan acaɓa ya ce iyakarsa nan, zai dawo bayan la'asar ya jira ni a wannan gaɓar. Na naɗe wando, na ɗora jaka a ka, na tsallaka ruwa har cinya, sannan na yi tafiyar kusan sa'a guda a ƙasa. Na isa ba na ko son a gaishe ni.

A zauren wani Alhaji Iro aka zauna. Abin da ya bambanta nan da sauran wuraren shi ne an gayyato Arɗon Fulanin da ke zaune a gefen garin, waɗanda suke kiwo suna kuma noma. Dogon dattijo ne, ya zauna kusa da mai unguwa da sandarsa a kan cinya, ya gaishe ni da Hausa mai kyau, bai ƙara cewa komai ba. Aka yanka mini kaza, aka kawo faten tsaki da rama wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Na karanta, aka amince, aka sa hannu. Na huɗu ke nan. Na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata.

Da na miƙe, wani mutum mai kimanin shekara sittin, baƙi, mai faffaɗan tafin hannu, ya ɗauki jakata. Sunansa Malam Tanimu. Na fara waƙar da na saba, ya huta, Allah ya saka. Ya ce ai ba babur a ƙofa, kuma hanyar da na biyo ta zagaye ce, akwai ta kusa. Sai na bi shi.

Mun yi nisa ba mu yi wata magana ba sai ta damina da tsadar taki. Sai muka fito wata faffaɗar hanya tsakanin gonaki, ƙasarta duk sawun kofato, an dasa ceɗiya da aduruku a gefe. Ya tsaya ya ce wannan shi ne burtali, hanyar shanu daga tudu zuwa fadama. Ya nuna gonar da ke hannun dama ya ce tasa ce, ta gaba ta ƙaninsa, ta can ta wata gwauruwa mai marayu. Sannan ya ajiye jakar a kan dutse.

Ya ce tun kakanninsu, in kaka ta yi, daga nan bakin burtali ake fara gayyar girbi da casa, kowa ya zo a kwashe na nan tukuna, sannan a matsa zuwa cikin gari. Dalili kuwa, da ciyawar tudu ta fara bushewa shanu za su gangaro, mai unguwa da Arɗo su sa rana. Kafin ranar dole gonakin nan su zama babu komai sai kara. Shanu su shiga su ci karan, su bar taki, kowa ya amfana. Ya ce yanzu in inji ya zo, ba wanda zai sake fitowa gayyar casa da sanda, kowa zai tara masararsa a gona ya jira ranarsa. Masu shaguna a cikin gari, inda ake samun sabis, su za su riga kira. Su na nan sai sun hau wancan dutsen kafin waya ta shiga.

"Ka ga masarata za ta kwana uku, ta kwana goma a tare a nan tana jiran layi," in ji shi. "Saniya kuwa ba ta san layi ba. Tun ina saurayi rabon da a zubar da jini tsakaninmu da mutanen Arɗo. Ba na so a sake a kan tarin masarata."

Na ji raina ya ɓaci, ba da shi ba, amma a kansa na sauke. Na ce to me ya hana shi faɗa a zaure, inda na tambaya har sau uku ko akwai mai gyara?

Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda ya girma bai san hanyar gidansu ba.

"A gaban Arɗo zan ce shanunsa za su ci mini amfani? Baƙonmu ne a zauren. Shi kuma ba zai buɗe baki ya ce a fara da hanyarsa ba, kamar mai roƙo. Ga Alhaji Iro, gonakinsa duk a bayan gari suke, shi ya yanka maka kaza. Ga ka kai kanka, ka karanto abin da fara'a kamar kai ka haife shi. Wa zai kunyata mutum uku a zama ɗaya?"

Ya ɗauki jakar muka ci gaba. Can ya ƙara da cewa, kada in ɗauka shi ya ga dama ya taso. Mai unguwa ne ya ce masa ya raka baƙo, Arɗo ma ya taɓa shi da sanda a ƙafa lokacin da ake sa hannu. Ya ce a wajensu haka ake yi, abin da ya fi ƙarfin zaure sai a ba mai rakiya ya kai shi bakin hanya. Ya tambaye ni, a sauran garuruwan da na je, ba a raka ni ba ne?

Tsohon Ƙofa ya faɗo mini, da mutum biyun Badafi, da siririn nan na Tudun Wada da ya koma ya zauna. Ban san ko maganar burtali ce suke ɗauke da ita ko wata daban ba, kuma wannan rashin sanin shi ya fi ci mini rai. An aiko mini manzo sau uku, ni kuma na sallame su da Allah ya saka. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko ranar da na rufe shagona.

A bakin rafi na zauna a kan dutse na rubuta maganarsa yadda aka koya mana: dole inji ya gama da gonakin bakin burtali kafin ranar da mai unguwa da Arɗo suka sa. Na sa sunansa, na sa yadda za a gwada. Na karanta masa, ya ce haka ne, ya dangwala. Ya miƙo mini jakar ya ce iyakar rakiya ke nan, ruwa ba a raka mutum cikinsa. Na tsallaka, da na waiwaya har ya juya.

Kwana biyu suka rage mini, ɗaya na hanya, ɗaya na bugawa. Komawa wurare uku ba zai yiwu ba. A mota daga Doguwa har Kano ina ta juya abin. In na sa maganar Malam Tanimu a gaba, na ce buƙata ta ɗaya ba ta da kyau, to na ce shugaban kwamiti ya yi kuskure, a ranar da zai zaɓe ni ko ya bar ni. Na kuma tona wa kaina asiri cewa sa hannun wurare uku da nake taƙama da su na kara ne kawai. In na yi shiru, takardata ta fi ta kowa tsabta. Na tuna Binta, na tuna shekaruna, na tuna babu wani horon da zai sake ɗaukar mai furfura.

Abin da na yi ba na alfahari da shi. Ban jefar da maganar ba, ban kuma sa ta inda ya kamata ba. Na bar buƙata ta ɗaya yadda take, da sa hannun wurare huɗu a ƙarƙashinta. Ta Malam Tanimu na kai ta shafi na goma sha tara, cikin ƙarin bayani, tsakanin jerin sunayen mahalarta da hoton inji. Na ce wa kaina ai na rubuta, wanda ya karanta ya gani.

Ranar Alhamis muka jeru a baranda, ana kiran mu ɗaya bayan ɗaya. Da na shiga, mutum huɗu ne a tebur, shugaban yana tsakiya yana murmushi, ya ce takardata ta burge shi. Injiniya Rabi tana gefe, ta buɗe tata daga baya. Ashe ita daga baya take fara karatu, wata shida ban lura ba. Ta karanta layin nan na shafi na goma sha tara a fili, a hankali, ta tambaye ni wane ne Malam Tanimu, a ina ya faɗi wannan, me ya sa ba ya cikin bayanin taro. Na ba da labarin duka, har da masu rakiyar da na sallama a wurare uku, don ba ni da sauran abin ɓoyewa. Murmushin shugaban ya tafi. Suka yi ta magana a tsakaninsu kamar ba na wurin, a ƙarshe aka ce za a dakatar da masu rubuta manhaja, a tura mutane su koma duk yankunan, nawa da na sauran, a kuma bar motar ofis a bakin titi don a samu damar raka su a ƙafa. Aka ce in jira a waje.

Da la'asar aka liƙa sunaye biyu a allo. Babu nawa. Yaran suka zo suna ba ni haƙuri, Baba kaza Baba kaza, na ce ba komai, na taya su murna, na ɗauki jakata.

Ina sauka daga bene na ji takun takalmi a bayana. Injiniya ce, wadda ban taɓa ganin ta bar kujerarta don wani ba. Ta ce mu je ta taka mini. Muka ratsa harabar, muka wuce inda ake ajiye motoci, har maigadi ya buɗe ƙaramar ƙofa. A nan ta tsaya. Ta ce korar masu rakiya sau uku ba ita ta kayar da ni ba, kowa yana irin wannan a farkon aiki, ita ma ta yi wanda ya fi shi. Ta ce a takardu biyar da aka kawo, layin nan ne kaɗai abin da ofis bai riga ya sani ba.

"Da a shafin farko ka sa shi, Malam Nasiru, da na tsaya maka ko da shugaba zai yi fushi da ni shekara guda. Amma ka san shi ne gaskiya, ka kai shi baya. Wanda zan tura ƙauye, dole in san abin da ya jiyo zai iso gabana."

Na ce haka ne. Ta ce in gaida gida, ta koma ciki.

Na tsaya a bakin titi motoci suna wucewa, ban tare ko ɗaya ba. Daga baya na taka da ƙafa har gida, don ina so in samu lokacin da zan shirya yadda zan gaya wa Binta. Da na shiga tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni, ta ajiye rariyar, ta ce in zauna ta kawo mini ruwa.